Tarihin rabin tantin soja mai zama rigar ruwa

A kasuwannin gwanjon kayan soja na ƙasashen Turai da Amurka akwai wata haja wadda ba ta da wani ƙyalli, amma kuma ba ta yin kwantai. Mayafi ne na yadin auduga mai kauri, kore ko ruwan ƙasa, wanda aka jera wa maɓallai da ƙofofinsu a gefe-gefe. Idan hadari ya taso soja kan yafa shi ya zama rigar ruwa, idan kuma dare ya yi sai ya haɗa nasa da na abokinsa su sami ɗakin kwana.

Jamusawa na kiransa Zeltbahn, Rashawa na ce masa plash-palatka, wato alkyabba mai zama tanti, yayin da a Poland aka fi saninsa da palatka. A rundunar sojan Amurka kuwa sunansa na hukuma shi ne rabin mafaka. Wannan suna na ƙarshe shi ya fi bayyana yadda aka tsara abin, domin ba a ba soja guda cikakken tanti. Kashi ɗaya ake damƙa masa, saura kuma na goye a bayan 'yan uwansa.

Mayafin ya shafe kusan shekaru 150 yana cikin kayan da sojan ƙasa ke ɗauka, tun daga yaƙe-yaƙen Faransa a Aljeriya har zuwa ƙarshen yaƙin cacar baka. Bayan nan ne rundunoni suka fara jibge shi a kasuwa, inda ya faɗa hannun fararen hula.

Matsalar nauyi

Tun fil azal shugabannin yaƙi na fama da batun inda mayaƙansu za su kwana. A ƙarni na 18 rundunonin Turai kan tafi da manyan tantuna waɗanda ake lodawa a kekunan dawaki. Ayarin kekunan kan yi tsawo ainun, kuma dole runduna ta jira kayanta. Idan hanya ta caɓe aka bar kekuna a baya, to sojoji a sarari za su kwana.

Rundunonin juyin juya halin Faransa, da na Napoleon da suka biyo bayansu, sun yi watsi da tantunan ƙananan sojoji baki ɗaya. Mayaƙa kan kwana a gefen wuta, ko su yi bukka da rassan itatuwa, ko su sauka a gidajen mutanen gari. Hakan ya ba su saurin da ya rikita abokan gabansu, sai dai sojojin sun ji a jikinsu. A wancan zamani ruwan sama da sanyi da cututtukan sansani, irin su atuni da zazzaɓi, sun fi harsashi cin rayukan mayaƙa.

Abin da ake buƙata shi ne mafakar da za ta bi soja duk inda ya sa ƙafa, ba tare da ta karya masa baya ba. Dabarar da aka samo ita ce a yanka tanti gida-gida, a raba wa waɗanda za su kwana a cikinsa, kowa ya ɗauki rabonsa.

Daga Aljeriya zuwa Kirimiya

Faransa ta kama birnin Aljiyas a shekarar 1830, kuma daga 1832 zuwa 1847 ta yi ta gwabzawa da mayaƙan Amir Abdulƙadir, waɗanda suka san ƙasar ciki da bai, kuma ba sa zama wuri guda. Dogon ayarin kekuna bai yi wa Faransawa rana ba a cikin duwatsu da faƙo. Janar Bugeaud, wanda ya riƙe mulkin Aljeriya a shekarun 1840, ya karkasa sojojinsa zuwa ƙananan rundunoni masu saurin tafiya, ya kuma maye gurbin kekuna da alfadarai.

A cikin wannan yanayi ne ƙaramin tantin da Faransawa ke kira tente d'abri ya bayyana. An ruwaito cewa sojojin ne da kansu suka fara farke buhunan kwanansu suna haɗa su domin samun inuwa da rana da kuma kariya daga raɓa da dare, kafin hukumomin soja su amince da dabarar, su sa a riƙa ɗinka ƙyallayen da maɓallai.

Sauran ƙasashe sun ga amfaninsa ne a yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da Faransa da Birtaniya suka mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. A daren da sojojin ƙawancen suka sauka a gaɓar Kirimiya, ranar 14 ga watan Satumban 1854, an sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tantunan sojojin Birtaniya na cikin jiragen ruwa, saboda haka suka kwana a jiƙe, alhali Faransawa sun kwance ƙyallayensu daga baya sun kafa. Bayan watanni biyu, a ranar 14 ga Nuwamba, wata guguwa ta yi kaca-kaca da sansanonin, ta kuma nutsar da jiragen da ke ɗauke da kayan sanyi a bakin tashar Balaklava. Dubban sojojin Birtaniya sun mutu a wannan hunturu sakamakon cuta da sanyi.

Tantin kare

Amurka ta tura hafsoshi 3 domin su yi nazarin yaƙin na Kirimiya, cikinsu har da George McClellan. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, McClellan ya zama kwamandan babbar rundunar Arewa a gabashin ƙasar, kuma a zamaninsa ne, cikin 1862, aka fara raba wa sojoji rabin tanti irin na Faransa, a madadin manyan tantunan da ke cika kekuna.

Kowane soja na da ƙyalle guda. Mutum biyu kan haɗa nasu da maɓallai su ɗora a kan igiya ko sanda, wani lokaci ma sukan kafe bindigoginsu biyu a ƙasa ta wajen banati su zama dirkoki. Gaba da baya a buɗe suke, kuma sai da rarrafe ake shiga. Da farko sojojin ba su yi maraba da shi ba, har suka laƙaba masa tantin kare, sunan da ya bi shi har yau. Amma da tafiya ta yi nisa sun gane cewa ɗan rufin da ke bayansu ya fi musu babban tantin da ya maƙale a caɓi can baya. Kusan kashi 2 cikin 3 na sojojin da suka mutu a wannan yaƙi cuta ce ta kashe su, don haka samun busasshen makwanci ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ba a tsara rabin tantin Amurka domin a sa shi a jiki ba. Sojan Amurka kan ɗauki wani mayafin na daban mai shafen roba saboda ruwan sama, kuma haka aka ci gaba a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da yaƙin Koriya da na Vietnam, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20. Haɗa ayyukan biyu a ƙyalle guda ya fi bunƙasa ne a rundunonin tsakiya da gabashin Turai.

Jamus da Italiya

A shekarar 1892 rundunar Jamus ta raba wa sojojinta ƙyalle mai kusurwa huɗu, kimanin santimita 165 a kowane gefe, mai maɓallai da igiyoyin da ke ba da damar a ɗaure shi a wuya da ƙugu. Da shi Jamusawa suka shiga yaƙin duniya na ɗaya a 1914, inda ya zama rufin ramukan da sojoji ke fakewa, kuma abin ɗaukar waɗanda suka ji rauni a lungunan da gadon ɗaukar majinyata ba ya iya juyawa.

Italiya ce ta ƙara masa wani aikin. A 1929 ta fara buga wa ƙyallen tantin sojojinta dabbare-dabbaren launuka domin ya saje da ƙasa da ciyayi. Masana tarihin kayan soja na ɗaukar wannan zane, wanda ake kira telo mimetico, a matsayin launin ɓad da kama na farko da aka buga a masaƙa aka raba wa sojoji da yawa, kuma Italiya ta ci gaba da amfani da shi, da 'yan gyare-gyare, har zuwa farkon shekarun 1990. Ke nan zanen dabbare-dabbare da aka saba gani a kakin soja a ko'ina a yau, a jikin tanti aka fara yaɗa shi kafin ya koma riga da wando.

A 1931, shekaru biyu kafin Hitler ya hau mulki, Jamus ta fito da samfurin da ya fi kowanne suna, wato Zeltbahn 31. Mai kusurwa uku ne, kowane gefe ya kai mita 2 ko fiye, da tsaga a tsakiya inda ake zura kai. An buga masa zane mai kama da gutsattsarin fasasshiyar kwalba a fuskokinsa biyu, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, domin soja ya juya wadda ta dace da wurin da yake.

Littafin umarnin rundunar ya zayyana yadda ake ɓalla maɓallansa daban-daban ga mai tafiya a ƙasa, da mahayin doki, da mai tuƙa keke. Idan aka haɗa guda 4 sukan ba da tanti mai siffar dala, kuma sau da yawa akan kifa hular kwano a ƙololuwarsa domin toshe kafar da ruwa zai bi. Ana kuma iya haɗa guda 8 ko 16 a sami babban ɗaki. Ban da ƙyallen, kowane soja na ɗauke da guntun sanda da turaku da igiya, ta yadda sai an tara na kowa sannan tanti ke tsayawa.

Alkyabbar sojan Sobiyet

Rundunar Tarayyar Sobiyet ta shigar da plash-palatka cikin kayan sojojinta a 1936. Murabba'i ne mai santimita 180 a kowane gefe, nauyinsa kimanin kilo 1 da rabi. A ɗaya daga cikin kusurwoyinsa an zura mazagai, waɗanda idan aka ja su sai kusurwar ta tattare ta zama hula, ta kuma kama wuya. Kusurwar da ke fuskantarta, wadda za ta ja ƙasa, akan naɗo ta sama a maƙale. Akwai tsaga guda ta fito da hannu, kuma yawancin maɓallansa na katako ne, waɗanda mai sanye da safar hannu ke iya ɓallawa cikin sanyi.

Idan aka yafa shi ya yi kama da kabidon da ake saƙawa da kaba a ƙasar Hausa, domin yakan rufe kai da kafaɗu da kayan da ke goye a baya, ya sauko har ƙasa da gwiwa. Mutum ɗaya kan jingina shi da sanda ya tare iska, mutum biyu su yi rufi mai gangara biyu, mutum 6 kuma su haɗa tantin da zai ɗauke su duka.

A yaƙin da aka gwabza tsakanin Jamus da Tarayyar Sobiyet daga 1941 zuwa 1945, ayyukan mayafin sun zarce waɗanda aka ƙirƙire shi dominsu. Ya zama labulen ƙofar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, da shimfiɗa, da ƙunshin burodi ko harsasai. Ma'aikatan jinya na fagen daga, waɗanda da yawansu 'yan mata ne, kan mirgina wanda aka harba a kai su ja shi da rarrafe har su fita daga inda wuta ke sauka.

A ƙarshen watan Satumban 1943, lokacin da sojojin Sobiyet suka iso kogin Dnieper, ba su jira an kafa gadoji ba. Sun tsallaka a kan kwale-kwalen masunta da gungume da ganguna, wasu kuma suka cusa busasshiyar ciyawa a cikin mayafansu suka ɗaure, suka rungume su kamar yadda mai fito ke rungumar gora. Irin wannan ƙunshi kan ɗauki mutum na ɗan lokaci kafin ruwa ya ratsa shi, kuma da yawa daga cikin mayaƙan ba su kai gacin ba. Ga wanda ya faɗi a fagen daga, a ɓangaren Sobiyet da na Jamus duka, sau da yawa mayafin ne kan zama likkafaninsa.

Saboda haka ne ya shiga gumakan tunawa da yaƙin. Gunkin soja mai tsawon mita 12 da ke dandalin Treptow a birnin Berlin, wanda Yevgeny Vuchetich ya sassaƙa aka kuma buɗe ranar 8 ga Mayun 1949, yana yafe da plash-palatka. Haka ma wanda aka kafa a birnin Murmansk a 1974, mai tsawon fiye da mita 35.

Yadda yadin ke tare ruwa

Yawancin waɗannan mayafai ba su da shafen roba. Ƙarfinsu na cikin saƙar ne. Zaren auduga na kumbura idan ya sha ruwa, kuma da yake an matse saƙar ƙwarai, kumburin kan toshe 'yan kafofin da ke tsakanin zare da zare. A masana'anta akan kuma tsoma yadin cikin sinadaran da ke sa ruwa ya gangare, da masu hana fumfuna.

Wannan ne ya sa dole a ɗame tantin sosai, a kuma ba shi gangara. Idan ruwa ya taru a wuri guda, ko kuma kan mutum ko jakarsa ta dafe rufin daga ciki, to nan take ruwa zai fara tsattsafowa ta wurin. Sabon soja kan koyi wannan darasi tun a daren farko.

Yadin auduga na da fa'idodin da leda ba ta da su. Iska na ratsa shi, don haka tururin numfashi ba ya taruwa ya ɗigo wa mai barci kamar yadda yake yi a tantin leda. Tartsatsin wuta kan bar masa ɗan tabo ne, alhali nailan narkewa yake yi. Ba ya ƙara idan mutum na tafiya a daji, kuma idan ya yage allura da zare sun isa.

Aibinsa kuma a fili yake. Nauyinsa na ƙaruwa ainun idan ya jiƙe, yana daɗewa bai bushe ba, kuma a tsananin sanyi yakan sandare kamar katako. Idan aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Tantin ba shi da daɓe, ba shi kuma da kariya daga sauro. Akwai kuma matsalar da ke tattare da dabarar ita kanta: da zarar an kafa tanti, wanda zai fita gadi cikin ruwa ba shi da riga, kuma sojan da abokinsa ya ɓace ko ya mutu rabin rufi kawai ya rage masa.

Zamanin yaƙin cacar baka

Bayan 1945 kusan kowace runduna a nahiyar Turai ta fito da nata samfurin. Jamus ta Gabas ta zaɓi murabba'i mai kama da na Sobiyet, kuma daga 1965 ta riƙa buga masa zanen gajerun layuka masu kama da saukar ruwan sama. A Jamus ta Yamma, inda aka kafa sabuwar runduna a 1955, sojoji sun yi wa tantinsu na mutum biyu laƙabi da garejin kare, kusan dai irin ba'ar da Amurkawa suka yi shekaru 100 kafin nan.

Sojojin Norway sun yi amfani da ƙyallaye masu siffar lu'ulu'u, waɗanda akan haɗa guda 7 ko fiye a yi tantin da za a iya ɗumama shi da ƙaramin risho a lokacin hunturu. A Suwizalan ƙyallen murabba'i ne mai santimita 165, kuma ƙungiyoyin 'yan sikawut da na matasa sun karɓe shi hannu biyu, inda suke haɗa gommai su gina manyan rumfuna a sansanoninsu. Birtaniya ta bi tata hanyar tun 1917, lokacin da ta sa wa shimfiɗar sojanta mai shafen roba wuya da maɓallai domin a riƙa yafa ta.

Samfurin Poland ya sha bamban da sauran. An yanka shi ne da siffar alkyabba tun asali, da tsagogin hannu masu murfi da mazagin da ke fitar da hula, kuma an ɗinka shi girma 3 bisa tsayin sojoji. Idan aka haɗa guda biyu aka tokare su da sanda ɗaya a tsakiya, sukan ba da tanti mai siffar jinkar ɗaki, wanda mutum biyu za su kwanta a ciki, ko da yake ba a iya miƙewa tsaye. Masu sayensa a yammacin Turai na kiransa lavvu, sunan da suka aro daga tantin al'ummar Sami, makiyayan da ke zaune a arewacin Norway da Sweden da Finland da wani yanki na Rasha. Kamannin siffa ne kawai ya haɗa su.

Yadda ya faɗo kasuwa

Rundunonin zamanin cacar baka sun dogara ne a kan aikin soja na tilas da kuma miliyoyin sojojin ko-ta-kwana. Domin haka aka cika rumbuna da kayan da za a raba idan babban yaƙi ya ɓarke, yaƙin da bai zo ba. Dubban ɗaruruwan mayafai sun yi shekaru a naɗe ba wanda ya taɓa warware su.

Katangar Berlin ta faɗi a 1989. Ranar 3 ga Oktoban 1990 Jamus ta sake haɗewa, aka rushe rundunar Jamus ta Gabas wadda a 'yan shekarun baya take da sojoji sama da 150,000, kuma kayanta suka zama rara a dare ɗaya. A 1991 aka wargaza ƙawancen Warsaw, Tarayyar Sobiyet ma ta ruguje. Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech sun shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1999, suka fara sauya kayan aikinsu. Poland ta daina ɗaukar sojan tilas a ƙarshen shekarun 2000, Jamus kuma ta dakatar da shi a 2011.

A Jamus kamfanin VEBEG, mallakar gwamnatin tarayya, shi ke gwanjon kayan da runduna ta gama da su, yayin da Poland ta kafa hukumar kula da kadarorin soja a 1996. Dillalai kan sayi kayan a dila-dila, su tantance su, su rarraba wa kantuna a Turai da Amurka, daga baya kuma ta intanet. Galibin mayafan na ɗauke da hatimin masana'anta da shekarar da aka ɗinka su, kuma da yawa na shekarun 1970 da 1980 ne.

Dalilin da ya sa sojoji suka bar shi

Rigar ruwa ta nailan, wadda Amurka ta yaɗa a yaƙin Vietnam, ta fi yadin auduga sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, kuma ita ma akan ɗaure ta tsakanin itatuwa ta zama rufi. A 1969 aka gano sinadarin da ake yin yadin Gore-Tex da shi, mai tare ruwa ya kuma bar gumi ya fita, kuma daga shekarun 1980 rundunonin ƙasashen yamma suka fara ba sojojinsu riga da wandon ruwa da aka ɗinka da shi. Ga kwana kuma aka koma ga jakar barci mai rufin da ruwa ba ya ratsawa, wadda mutum ɗaya ke shiga ba tare da jiran kowa ba.

Yanayin yaƙin ma ya sauya. Sojan ƙasa na zamani a mota mai sulke yake tafiya, kuma nauyin da yake ɗauka ya koma ga rigar sulke da rediyo da batura. Rasha ta ci gaba da amfani da plash-palatka bayan 1991, amma a yaƙin Yukren tun daga 2022 an ga wani sabon nau'in mayafi a ɓangarorin biyu, wanda aka ƙera domin ɓoye zafin jikin mutum daga kyamarorin jirage marasa matuƙa. Wannan aiki ne da ba a yi tsohon yadin auduga dominsa ba.

Masu sayensa da abubuwan lura

A yau masu sayen mayafin sun haɗa da masu zuwa shaƙatawa a daji, da mafarauta da masunta, da masu tara kayan tarihi, da kuma masu shirya fina-finan yaƙi. Tantin Poland ya yi farin jini musamman a Birtaniya cikin shekarun 2010, saboda araha da ƙarko, kuma wasu kan kai shi wurin tela a sa masa zif ko a ƙara masa tsawo. Da yake abin da ke rumbuna ƙarewa yake yi, farashinsa ya tashi, mafi girma daga cikin samfuran 3 ya yi wuyar samu, kuma wasu kamfanoni sun fara ɗinka kwaikwayonsa. Zeltbahn na ainihi na zamanin yaƙin duniya na biyu kuwa ya zama kayan masu tara tarihi, kuma jabunsa ya yawaita.

Masu sanin kayan na ba da shawarar a ɗaga yadin a hasken rana domin a ga ƙananan ramuka, a duba ɗinki da maɓallai, a kuma sansana ko akwai warin fumfuna. Ba a so a wanke shi da sabulu mai ƙarfi, domin yakan tafi da sinadarin da ke korar ruwa. Kunna risho ko gawayi a cikin rufaffen tanti na da haɗarin gaske, saboda iskar gubar da ba ta da wari, wadda ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Akwai kuma batun doka. A Najeriya da wasu ƙasashen Afirka an haramta wa farar hula sanya kaya masu zanen kakin soja, kuma rundunar sojan Najeriya ta sha yin gargaɗi a kan haka. Mayafi mai dabbare-dabbare da ake sayarwa a fili a Turai na iya jefa mai shi cikin matsala a shingen binciken ababen hawa.

Abu na ƙarshe da dillalai ke tunatar da mai saye shi ne cewa maɓallan wata ƙasa ba sa shiga ƙofofin na wata, kuma a samfurin Poland girma biyu mabambanta ba sa haɗuwa daidai. Wanda ya sayi guda ɗaya ya sami rigar ruwa da ɗan abin tare iska. Idan tanti yake so, sai ya nemo na biyu irinsa.